Kiɗan Taimako: Wa Ke Biyan Mai Kalangu?

Duk lokacin da masifa ta auka wa gari, ko gobarar kasuwa, ko ambaliya, ko wani bawan Allah da asibiti ya yanka wa kuɗin aikin da ya fi ƙarfin danginsa, akwai mutanen da ake tunawa da su nan take bayan 'yan siyasa da attajirai, wato makaɗan unguwa. Ba manyan taurarin da sai an bi ta hannun manaja nake nufi ba. Ina magana ne a kan ƙungiyar nan ta mutum bakwai ko goma da kowa ya san ƙofar gidan shugabanta, masu kalangu biyu da ɗan fiyano da jita ɗaya da ta sha gyara, waɗanda ke raba shekararsu tsakanin gidajen biki da wasan sallah da tarukan siyasa. Kwamiti zai tashi takanas ya same su, a gaisa, a ce an shirya wasa don tara wa marayu ko majinyata kuɗi, ana so su zo su ba da tasu gudummawar. Ba za a ambaci ko sisi ba, tunda aikin lada ne. Su kuma da wuya ka ji sun ce a'a.

Ina cikin masu ganin cewa wannan abu ne mai kyau, kuma ya kamata ya yawaita. Sai dai yadda ake gudanar da shi a yau yana da ɓaraka biyu da ba a son a taɓo. Ta farko, mafi talauci a cikin duk waɗanda suka yi wa taron aiki su ne kaɗai ake sa ran su yi kyauta. Ta biyu, kuɗin da aka tara da sunansu da muryarsu, su ne na ƙarshe da ke sanin inda ya shiga, in ma sun sani.

Tara kuɗi ko ƙarfi da kiɗa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa yakan kira gayya, kuma gayya ba ta armashi sai da gangar noma: makaɗi na bin bayan samari yana kiran sunayensu da kirarin iyayensu, kunya ta hana rago tsayawa, a gama gonar kafin la'asar. A cikin gari kuma akwai ajo. Wanda aure ya taso masa ba shiri, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, ko makaɗin da kansa ya shiga wani hali, abokansa za su sa rana, a raba goro ko kati, a kira masu kiɗa, jama'a su zo kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, sanƙira yana shelanta wa duniya cewa wane ɗan wane ya ba da kaza. Mata ma suna da nasu tsarin na biki, inda abin da kika kai wa ƙawarki yau yake zama bashin zumunci da za ta rama ranar taki hidimar.

Abin da ya riƙe ajo tsawon zamani ba daɗin kiɗan ba ne kawai. Wanda ake yi wa yana zaune a wurin, kowa na ganinsa, kowa ya san abin da ya same shi. Kuɗin a bainar jama'a ake bayarwa, a bainar jama'a ake faɗin adadinsa, ta yadda duk mai kunne zai iya lissafa abin da aka samu kafin a tashi. Makaɗan kuma ba a barinsu su tafi hannu rabbana. An san rabonsu tun kafin su ɗaura kalangu, domin ba wanda ya taɓa tunanin cewa mai kiɗa iska yake ci. Tsari ne da ba shi da takarda ko rasit, amma yana da abin da ya fi rasit ƙarfi a ƙaramin gari, wato idon mutane.

Akwai kuma ƙwarewar da ba a cika yaba wa makaɗa da ita ba. A 1957 masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya wallafa nazari a kan roƙo da matsayinsa a zaman Hausawa, ya nuna yadda maroƙi ke ƙasa a jerin daraja alhali bakinsa ne ke tabbatar da darajar na sama. Har yau haka abin yake. Mai kiɗa ya san wanda ake fara kira da wanda ake bari sai fili ya yi zafi. Ya san attajirin da ba ya motsi sai ya ji an ambaci abokin hamayyarsa, ya san hajiyar da sunan mahaifinta kaɗai zai sa ta buɗe jaka. Ilimi ne da aka gada, aka kuma goge shi a fage shekara da shekaru, kuma babu wani jami'in ƙungiyar agaji mai digiri da zai iya fitar da kuɗi daga aljihun Bahaushe cikin awa uku kamar yadda ƙwararren maroƙi zai yi. Don haka idan kwamiti ya gayyaci makaɗa, sana'arsu sukutum ya aro, ba nishaɗi ya ƙara wa taronsa ba. Bambancin kawai shi ne wannan karon mutumin da aka saba gani yana roƙa wa kansa, wasu yake roƙa wa.

To me ya canza? Ajo ya bar ƙofar gida ya koma zauren taro na haya, ya kuma auri al'adar ƙaddamarwa. An san yadda take: babban baƙo na musamman, uban taro, uwar taro, babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa, kowa da kujerarsa mai laushi a sahun gaba. Wakilin mai girma zai karɓi makirufo ya ba da haƙurin rashin zuwan maigidansa, sannan ya sanar da miliyan kaza, a yi tafi, mai kalangu ya kaɗa masa take, a buga a Facebook kafin ya koma mazauninsa. Bayan mako biyu sakataren kwamiti zai fara sintiri a ofishin mai girman, ana ce masa Alhaji ya yi tafiya. Ba ƙananan taruka kaɗai wannan ciwo ke kamawa ba. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024, lokacin da ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, an yi ta sanar da gudummawar biliyoyi, har sai da gwamnatin Borno ta fito tana bambanta abin da aka yi alkawari da abin da ya shigo asusu a zahiri. In gwamna da kansa sai ya bi sawun alkawari, ina ga sakataren ƙungiyar matasan unguwa?

Sannan ga kashe-kashen da ajo na da bai san su ba. Za a kama zaure, a ɗauko kujeru da rumfuna, a yi hayar lasifika da janareta, a sayi mai, wanda tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 farashinsa ya ninka ya sake ninkawa. Za a buga kati da allon talla, a sallami masu tsaro, a tanadi ruwa da lemo da abincin manyan baƙi, a biya mai ɗaukar hoto da mai gabatarwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana karɓar kuɗinsa cif, wasu ma tun kafin ranar. Mai zaure ba ya cewa tunda don marayu ne ya yafe. Gidan mai bai san lada ba. Idan aka zo kan mutanen da saboda su jama'a suka taru, sai a tuna cewa aikin Allah ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mutane da yawa suna ɗauka makaɗin da ya yi wasa kyauta bai yi asarar komai ba, tunda murya ce da hannu, ba kaya ya fitar daga shago ba. Wannan rashin sanin sana'ar ne. Wasan taimako kusan kullum ranar Asabar ko Lahadi ake sa shi, domin a samu jama'a, kuma waɗannan su ne ranakun da biki ke faɗowa. Ƙungiyar da ta karɓi gayyatar kwamiti ta rufe ƙofar cinikin da zai ciyar da gidaje goma na mako guda. Ranakun samun ma ƙidayayyu ne: azumi wata guda ne babu kiɗa, damina tana rage taron fili, ga masu fiyano da DJ da suka kwashe rabin bukukuwan da a da sai an kira masu kalangu. Shugaban ƙungiya shi ke biyan motar da za ta kwaso kaya da mutane, shi ke sayen fata da tsarkiya in sun tsinke, kuma in dare ya yi ba zai iya kallon 'yan amshinsa ya ce musu su je gida da lada ba, domin ɗan amshi yana da mata da ke jiran cefane. Sau tari daga aljihunsa yake sallamarsu. In aka yi lissafi na gaskiya, aka auna abin da kowa ya bayar da abin da ya mallaka, za a tarar babban mai ƙaddamarwa na haƙiƙa yana tsaye a bayan makirufo da gumi a goshinsa, ba wanda ya yi masa tafi.

Akan lallashe su da cewa za su yi suna. Wannan magana daga manyan wasannin Turai aka kwaso ta, kuma a can tana da ƙamshin gaskiya. Ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi Live Aid a filin Wembley na Landan da kuma Filadelfiya ta Amurka, don agaza wa Habasha da yunwa ta addaba. An tara sama da dala miliyan 100, duniya ta kalla ta talabijin, kuma ƙungiyoyi irin su Queen da U2 sun fito daga wasan da farin jinin da ya ƙara musu cinikin faifai. Mawaƙin da ya ba da minti ashirin a gaban ɗaruruwan miliyoyin masu kallo ya yi sadaka, ya kuma yi talla mafi arha a rayuwarsa. Amma ƙungiyar da ke kiɗa a Fagge ko Tudun Wada ko Zangon Damagaram, a gaban mutanen da suka san ta tun tana koyo, wane suna za ta ƙara? Waɗanda ke zauren su ne dai waɗanda za su gayyace ta biki gobe, kuma abin da suka koya a daren shi ne ana iya samunta a kyauta.

Ko a can ɗin ma ba kowa aka raba wa sunan ba. Da aka sake shirya irin wannan gangami a 2005 da sunan Live 8, an yi ta sukar masu shirin cewa ana wasa don Afirka babu mawaƙan Afirka a babban dandali, sai daga baya aka haɗa musu nasu can a Cornwall, nesa da inda kyamarori suka fi yawa. Alhali tun a tsakiyar shekarun 1980 Manu Dibango na Kamaru ya tara mawaƙan nahiyar da ke Faransa, irin su Salif Keita da Mory Kanté, suka yi faifan Tam Tam pour l'Éthiopie don wannan yunwa dai. Mutum nawa ne ke tuna shi yau?

Hujjar da na fi dogara da ita wajen cewa a biya makaɗa ba daga Turai ta zo ba. A cikin Suratut Tauba, inda aka jera kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, an sa ma'aikatan da ke tattara ta. Zakka kenan, rukunin addini, dukiyar da aka fi kowace tsananta wa, amma shari'a ta yarda wanda ya ɓata lokacinsa wajen tara ta a ba shi ladan aikinsa daga cikinta. Ba ina daidaita wasan kalangu da aikin zakka ba ne, kada malamai su yi mini ca. Abin da nake cewa shi ne, tunanin cewa duk wanda ya yi wa aikin alheri hidima haramun ne ya karɓi ko kwabo ba shi da tushe a addinin da ake fakewa da shi. In shugaban ƙungiya ya ga dama ya yafe nasa kason, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma da yawa za su yafe. Amma kuɗin mota da sallamar yara haƙƙi ne da ya kamata ya shiga kasafi tun ranar farko, a layi ɗaya da kuɗin zaure.

Ga kuma abin da ke sa wannan batu ya yi mini zafi. Sana'ar kiɗa ba ta da fansho. Muryar da ta cika fili tana da shekarun da take yi, hannun da ke matse kalangu yana gajiya. Kowa ya sha ganin hoton tsohon mawaƙi ko ɗan wasa a gadon asibiti yana yawo a waya, an rubuta lambar asusu a ƙasa ana neman taimakon al'umma. Da yawansu sun yi shekaru suna tara wa wasu. Ajo na asali ya san da wannan, shi ya sa makaɗa ke yi wa junansu. Kwamitocin zamani kuwa suna aron makaɗi ranar da suke bukatarsa, ranar da shi ya bukace su kuma an rushe kwamitin tuntuni.

Ɓaraka ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ita ke kashe abin gaba ɗaya. Misalin da ya fi dacewa a nan shi ne na wasan da ake ɗauka a matsayin uban irin waɗannan wasanni. Ranar 1 ga Agustan 1971 George Harrison da Ravi Shankar suka shirya wasa biyu a Madison Square Garden da ke New York don 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh. Mutum wajen 40,000 suka halarta, aka samu kimanin dala 243,000 a ƙofa aka miƙa wa UNICEF. Sai dai babban kuɗin, na faifai da fim, miliyoyin daloli, ya maƙale a hannun hukumar harajin Amurka shekaru masu yawa, saboda masu shirin ba su yi wa wasan rajistar aikin agaji ba kafin su fara. Babu wanda ya ce Harrison ya ci ko sisi. Niyya ta yi kyau, takarda ce ba a cika ba, kuma yunwa ba ta jira a gama shari'ar haraji ba. In haka ta faru da mutanen da ke da lauyoyi da akantoci, sai a auna abin da ke faruwa inda lambar asusun da aka manna a allon taro ta ma'ajin kwamiti ce ta kansa, wadda albashinsa da kuɗin cefanensa ke shiga.

Yawancin kuɗin wasan taimako da ke salwanta ba sata ce aka shirya ba. Cakuɗewa ce. An karɓi wani a ƙofa, wani a faranti, wani ta POS ɗin wani yaro da aka kira, wani ta tura wa shugaba kai tsaye saboda shi aka sani. An ciri na mai daga farantin tun ana cikin wasa. Wani ɗan kwamiti ya ranci kaɗan zai mayar ranar Litinin. Kafin a zauna lissafi babu wanda zai iya rantsuwa a kan adadin farko. Daga nan zargi ya fara, kuma jama'a ba sa tuna sunan ma'aji. Fuskar da suka gani ita ce ta mawaƙi, muryar da ta ce su bayar tasa ce. Shi za a nuna a kasuwa a ce sun ci kuɗin marayu, alhali ko farantin bai taɓa ba.

Liƙi ma ya zama wani ƙulli. A gidan biki an san hukuncinsa, abin da aka manna wa mawaƙi a goshi nasa ne da yaransa. A wasan taimako fa? Wanda ya taso cikin shauƙi ya yi wa mai waƙa ruwan kuɗi saboda an wasa kakansa, marayu ya ba ko mawaƙin? In ba a yanke wannan tun kafin a fara ba, a kuma sanar da jama'a da baki, rigima na nan tafe a bayan dandali. Ga doka kuma ta shigo ciki. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin taro, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekaru da dama ba wanda ya damu da ita, sai a 2024 hukumar EFCC ta fara gurfanar da fitattun mutane, har wata kotu a Legas ta ɗaure wani wata shida. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya riga ya koya wa mutane tura kuɗi ta waya ko a gidan biki. Wannan sauyi yana iya zama alheri ga wasan taimako, domin abin da ya bi ta banki yana barin sawu. Amma sai in asusun na ƙungiya ne mai rajista, mai sa hannun mutum fiye da ɗaya. In ba haka ba, an dai ɗauke kuɗin daga idon jama'a an kai shi inda mutum ɗaya tak ke ganinsa.

Su ma makaɗan ba zan wanke su tas ba. Akwai waɗanda ke karɓar gayyatar don sun ji ɗan majalisa zai zo, sai wasan marayu ya rikiɗe ya zama gangamin siyasa, a shafe awa guda ana wasa mutum ɗaya, a manta da abin da ya tara jama'a. Akwai kuma tambayar da ba mai son yi: in wanda kowa ya san yadda ya samu dukiyarsa ya zo ya ajiye dami a faranti, mawaƙi ya kira shi uban marayu garkuwar talakawa, wa ya ci riba a cinikin? Da kuɗi kaɗan ya sayi wankin da ba zai samu a wani wuri ba. Ban ce a kori kowa daga taro ba, kuma ba aikin mai kalangu ba ne binciken asalin dukiya. Amma akwai tazara tsakanin godiya da tsarkakewa, kuma ƙwararren mawaƙi ya san inda take.

Wasu za su ce duk wannan dogon zance ne, tunda kiɗan kansa malamai sun yi saɓani a kansa, sadakar da aka yi da shela kuma riya ce. Saɓanin gaskiya ne, ba kuma a shafin jarida za a warware shi ba. Wanda ya ɗauki fatawar haramci yana da hanyoyin bayarwa da yawa, Allah ya karɓa. Sai dai a lura cewa tara kuɗi da murya mai daɗi bai tsaya ga masu kalangu ba: sha'irai masu yabon Annabi suna cika fili a majalisi a tara abin gina Islamiyya, ƙungiyoyin Zumuntar Mata a coci-cocin Jos da Kaduna da Adamawa suna waƙa da Hausa da tulunansu a tara wa gwauraye da marasa lafiya. Duk abin da na faɗa game da lissafi ya hau kansu su ma. Batun shela kuwa, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba sadakar da aka bayyana, ta kuma fifita wadda aka ɓoye. Bayyanawa tana da amfanin da ɓoyewa ba ta da shi, tana zaburar da na kusa. Abin da ban ga hujjarsa ba shi ne bayyana wanda aka ba. Jera yara marayu a gaban dandali cikin riguna iri ɗaya, ko ɗauko majinyaci a keken guragu a zagaya da shi ana kiɗa mai sa kuka don hannu ya saki, wannan cin mutunci ne ko da an tara miliyan. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, maraya ne tun yana ƙarami, sunan da ya ɗauka kenan ya zaga duniya da kuntiginsa. Ya yi waƙoƙi a kan talaka da ɗan ƙwadago da ƙaramin ma'aikaci, kuma abin da ya sa suka shiga zuciya shi ne ya ba mutanen nan daraja a cikinsu, bai mai da su abin tausayi na nuni ba. Mai shirya wasan taimako yana da abin koyo a nan.

Duk da waɗannan, in aka ce in zaɓa tsakanin babban gangami na shekara guda a otal da ƙaramin wasan da ƙungiyar unguwa za ta riƙa yi a kai a kai, na biyun zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Ƙarfin ƙungiyar gida shi ne kullum tana dawowa. A Yamai akwai Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Kafin faifansu Kaani ya fita kasuwar duniya a 2013, sun riga sun yi suna a gida ta hanyar kiɗa dare biyar a mako, awanni a jere, suna sayar da faifansu da kansu a shataletalen birnin. Mambobinta sun haɗa Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, shi kuma Almeida ya yi aikin shari'a a kotu, ya kuma yi hidima da gidan yara na SOS. Irin wannan ƙungiya tana da abin da tauraron da aka ɗauko a jirgi ba shi da shi: jama'ar da ke zuwa kowane mako, kuma suka san inda za su same ta in wani abu ya ɓace. Arewacin Najeriya ma ya san irinsu, tun zamanin Bala Miller a Kaduna da Sahara All Stars a Jos. Ƙungiyar da ke da dandalinta, in ta ware dare ɗaya a wata ta ce abin da aka samu a ƙofa na ɗakin haihuwa na asibitin unguwa ne, ba ta bukatar zauren haya ko babban baƙo. Kayan kiɗan suna nan, jama'ar suna nan, kashe kuɗin bai wuce na kowane dare ba. Abin da za a tara ba zai kai a buga a jarida ba, amma kusan dukkansa zai isa inda aka nufa, kuma wata mai zuwa za a sake.

Shi ya sa shawarata ta fi karkata ga shugabannin ƙungiyoyin kiɗa fiye da kwamitoci, domin su ne ke da abin da ake nema, kuma sun fi ƙarfin da suke zato. Ranar da aka zo gayyata, bayan an gama gaisuwa, Sarkin Kiɗa yana da damar ya ce: Alhaji, mun ji mun karɓa, amma wa za a ba, a wane asusu, kuma su wa ke sa hannu? Ya nemi a rubuta kuɗin mota da sallamar yaransa, a faɗa wa jama'a makomar liƙi kafin a buga kiɗan farko, a kuma sa mutum ɗaya daga ƙungiyarsa a wurin ƙirga. Alkawarin da ba a cika a wurin ba kada a kaɗa masa take, a bari sai ya shigo. Kafin a watse a karanta jimillar abin da ke hannu da abin da aka kashe, a makirufon da aka yi roƙon da shi. Kwamitin kirki ba zai ji haushin waɗannan sharuɗɗa ba, zai ma ji daɗi an sauke masa zargi. Wanda ya ɓata rai ya ce ana yi masa rashin yarda a aikin Allah, to gara ƙungiyar ta karɓi bikin da aka kira ta a wannan Asabar ɗin, ta cire abin da ta ga dama daga cinikinta, ta kai gidan marayun da hannunta.